Mutumin da Ya Goge Layi Goma Sha Tara

An yi wani mutum a nan garinmu Zenica, gwani ne wajen rubuta manhajar kwamfuta. Ba zan kama sunansa ba, mahaifiyarsa tana raye.

Shekara ashirin da suka wuce, wani tsohon injiniya, Baffa Midhat, ya rubuta wata ƙaramar manhaja ya bar wa duniya kyauta. Aikinta ɗaya ne. Idan na'ura za ta aika wa wata na'ura saƙo, ita ke buɗe ƙofar da muke kira soket, ita ke rufewa. Da idon Baffa ya yi rauni, sai ya danƙa wa mutumin nan mabuɗin manhajar, ya ce, "Ɗana, gyara abin da ka ga dama. Amma abin da ya yi aiki jiya, ya yi aiki gobe."

A cikin rubutunta akwai wasu layuka goma sha tara, tsofaffi, marasa kyan gani. Su ke sa ta dakata kafin ta rufe ƙofa, har ragowar saƙo ya gama fita. Mutumin nan ya tsane su.

Wata rana yana shan kofi da Fikreta, matar da ke kula da na'urorin ɗakunan sanyi na makiyayan dutsen Vlašić, sai ya ce mata zai goge su.

Ta ce, "Ƙanina, ka taɓa hawa dutsen nan da ƙafarka? A can sai ka shanye kofinka saƙo ɗaya bai gama fita ba."

Ya ce, "Haba Yaya, ku sayi sababbin na'urori mana. Ni mai gadin kayan tarihi ne?"

Ya 'yan uwa, kun san ƙa'idarmu ta masu rubuta manhaja, ko ni da ban gama makaranta ba na san ta. Idan za ka cire tsohon abu, sai ka yi gargaɗi a siga biyu a jere. Sannan ka canza lambar farko ta sigar, domin kowa ya san an taɓa ginshiƙi. Wannan ma abu ne mai wuya? Shi ko bai yi gargaɗi ba. Ya goge layukan, ya mai da sigar 3.2.6 ta zama 3.2.7, ya rubuta kalma ɗaya: "shara". Alhali ya sani sarai na'urori da kansu suke ɗaukar ƙaramin gyara irin wannan, ba sa tambayar kowa.

A watan Yuli, ranar Asabar da azahar, injin sanyi na babban ɗakin ajiyar makiyayan ya mutu. Na'urar da ke lura da ɗakin, wadda ta riga ta ɗauki sabon gyaran, ta gane, ta shirya saƙon neman agaji, ta miƙa. Ƙofa ta rufe kafin saƙon ya fita. Sai ranar Litinin direban motar madara ya buɗe ɗakin, wari ya koro shi waje. Madara da cuku na gidaje sittin, duka aka zubar a rami.

Kwana uku Fikreta tana bin sawu har ta gano layukan da suka ɓace. Ta rubuta masa a dandalin manhajar, inda kowa ke gani. To, nan fa Allah ya ba shi dama ya ce na yi kuskure. Kun san amsar da ya bayar? "Laifin layin sadarwarku ne. An rufe maganar."

Wannan amsa ce ta kashe shi. Sauran masu aikin manhajar suka haɗu suka karɓe mabuɗin. Suka mai da layukan nan goma sha tara yadda suke, da muninsu. Kamfanin da yake wa aiki ya sallame shi, domin wa zai ɗora gini a kan mutumin da ke zare tubali bai faɗa ba? Ya yi fushi ya buɗe tasa manhajar, tsaf-tsaf, babu tsohon layi ko ɗaya. Shekara biyu ke nan, ban ji na'ura guda da ke amfani da ita ba.

Ya 'yan uwa, abin da ke ƙona mini rai, har yanzu ina jin samarinmu suna cewa ai rubutunsa ya fi kyau. Kyau! Wa ya ce kyau aka ba shi ajiya? Amana aka ba shi. A bayan kowane tsohon layi akwai mutumin da ba ka taɓa gani ba, ya dogara da kai ya tafi kiwonsa. Girman kai ne ke raɗa maka cewa wanda ba ka gani ba babu shi. Idan dole ka rushe, yi shela, ka jira a fito.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ba ya wurin da zai yi magana. Idan kuma muka ɓata, Allah ya sauƙaƙe wa harshenmu faɗin "ni ne". Amin.