Tafintan da Ya Fassara wa Sarki Tafi

An ce an taɓa yin wani sarki, matashi mai kwarjini da zaƙin baki, wanda ya ƙetare teku ya ziyarci biranen Turawa. Duk birnin da ya sauka sai mutane su cika tituna suna kiran sunansa, mata na jefa masa furanni, masu shaguna na rufe ƙofa don su hango rawaninsa. A cikin ayarinsa akwai wani tsoho mai suna Barmo, wanda ya shekara ashirin yana aikin jirgin ruwa har ya iya harsunan can. Shi ne tafinta.

Da suka komo gida, sarki ya tara fada ya ce zai rushe majalisar dattawa tara, wadda tun zamanin kakanninsa take da ikon ce wa sarki a'a. Ɗaya daga cikinsu ya musa, aka kai shi kurkuku.

Sarki ya ce, "Na ga shugabannin can. Tsofaffi ne masu karanta magana daga takarda, majalisa ta ɗaure musu hannu, mutanensu na hamma in suna jawabi. Ni kuwa baƙo, da kalma goma na tayar da birni. Barmo, tashi ka shaida."

Barmo ya san abin da ake so ya faɗa. Duk da haka ya miƙe.

"Ya sarki, duk abin da ka faɗa idona ya gani. Har na ga 'yan ƙasarmu masu dako a tashar jirgi, waɗanda Turawa ke kira da fito maimakon suna, sun ɗaga kai ranar da ka yi magana. Wannan ba zan rage maka ba."

Sarki ya yi murmushi. "To wa ya fi, ni ko tsohon shugaban nan mai tari da ya tarbe mu?"

"Ka fi shi murya, ya fi ka kunne."

"Ai mutanensa zaginsa suke yi a fili."

"Su zage shi, su kwana a gidajensu."

Barmo ya ga babu sauran komawa baya, sai ya ci gaba.

"Ya sarki, na fassara maka maganar mutanen can, amma ban fassara maka tafinsu ba. A birni na uku akwai wata mai gasa burodi da ta kira sunanka har muryarta ta dushe. Bayan ka wuce na ce mata, 'Baiwar Allah, ku ba mu tsohonku mana, mu bar muku namu.' Ta yi dariya ta ce, 'Naku in ya gundure ku, kuna iya sauke shi?' Na ce a'a. Ta ce, 'In ya kauce hanya, akwai mai tsayar da shi?' Na ce akwai mutum tara. Ta ce, 'To ku riƙe su da kyau. Shi kuma ya riƙa kawo mana ziyara, muna son kallonsa.'"

Sarki ya miƙe a fusace. "Ashe bawan Turawa na ɗauka tafinta."

"Ya sarki, tabon bulalarsu na nan a bayana, ba mai koya mini zaluncinsu. Majalisar nan kuwa ba daga jirginsu aka sauke ta ba. Kakanninka suka kafa ta, don sun san kansu."

"Ina iya sa a yanke harshen nan."

"Kana iyawa. Yau mutum takwas ne za su iya roƙonka ka bari. Gobe babu ko ɗaya, kuma ba harshena kaɗai za a yanka ba."

Sarki ya juya ga fadawa ya ce, "Wa ke tare da tsohon nan?" Ba wanda ya motsa. Ya ce, "Wa ke tare da ni?" Nan take fada ta kaure da kirari da tafi. Barmo na tsaye yana kallon fuskar sarki, sai ya ga ta sauya. Sarki na bin masu tafin da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa na tafi da ƙarfi, kowa idonsa na ƙasa.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Sannan ya zauna ya sa a fito da dattijon nan daga kurkuku a mayar da shi mazauninsa.

Ya dubi Barmo ya ce, "Da ka yi shiru, da na rushe gidan kakannina ana yi mini kirari. Baƙi suna auna sarki da kwarjininsa, adalcinsa kuwa sai a tambayi wanda ba shi da inda zai tsere wa hukuncinsa."