Shingen da Kwamfuta ta Ɓoye

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Shari'a na kawo muku daga cikin gidanmu, an ɗora mini alƙalancinta kuma na gaza. A kan 'ya'yan ƙanwata ne su uku. In kun ji yabon ya yi yawa ku yi haƙuri, wanda Allah ya ba irinsu ba ya iya kama bakinsa.

Ƙanwar tawa ita ce Tasalla, mai busasshiyar kuɓewa da barkono a Malumfashi. Shekara arba'in tana shanya a kan soron da mijinta, marigayi Rabe magini, ya gina da hannunsa, ya kewaye bakinsa da rawani, ɗan bangon nan da ke tare mutum kada ya faɗo. Da idonta ya dushe ba ta daina hawa ba. In ta kai ƙarshen matakala sai ta juya dama, hannunta ya sami rawani, ta bi shi har wurin shanya.

Daminar bara ta rushe gidan. Yaran suka haɗa kai za su yi mata na siminti. Ta ce musu, "In babu inda zan hau in yi shanya, ku bar ni a kangona." Taurin kai gadonmu ne, sai aka yi mata saman kankare da matakala.

Wani mai zanen gine-gine ya tsara gidan a kwamfuta, ya buga taswirar a takarda, ya miƙa wa magina. Takardar ba ta nuna shinge a sama ba, magina kuwa abin da takarda ta ce shi suke yi. Aka gama gini, aka shafa fenti, saman nan fili fetal, babu abin da ya raba bakinsa da ƙasa. Yaran duk ba sa gari, hotunan gaban gida kawai ake tura musu. Ni ma na hau na ce ma sha Allah na sauko, don ina da ido. Saura mako ɗaya Tasalla ta tare.

Babbarsu Barira ce, tana aikin zanen gine-gine a Kaduna. Hankalinta bai kwanta da hotuna ba. Ta ce kada a turo mata takarda, a turo ainihin zanen da ke cikin kwamfutar, domin takarda abin da aka ga dama take nunawa. Ta buɗe shi a manhajar tsara gidaje. Da ta juya hoton gidan yana tsaye, ga shingen ƙarfe kewaye da sama. Da ta koma taswirar da magina ke bi, babu shi. Ta shiga jerin abubuwan da ake zaɓa a nuna ko a ɓoye, bango, ƙofa, taga, tana bi ɗaya bayan ɗaya, har ta tarar an kashe na shinge. Ashe mai zanen ya ɓoye shi don ya sami wurin rubuta awo, ya manta bai mayar ba. Ta kunna shi, shinge ya fito, ta buga sabuwar takarda ta kamo hanyar Malumfashi a ranar. Ba don ita ba, da babu wanda ya san akwai abin da ya ɓace.

Na biyu Sallau, direban babbar mota. Karatunsa bai wuce firamare ba, kuma da Barira ta miƙa masa takardar a kife ya riƙe ta, sai da ta juya masa. Amma duk ranar da ya zo lodin kuɓewa shi ke bin uwarsa sama da buhu. Ya ce a nuna masa inda matakala ta ɓullo. Aka nuna. Ya ja yatsa dama, yatsan ya faɗa inda layin shingen ya yanke.

Ya ce, "Yaya, nan fa?"

Ta ce, "Kafa ce aka bari don jawo buhu da igiya."

Ya ce, "Nan Inna za ta nufa. Dama take juyawa, ko an tashe ta daga barci."

Barira ta sake duba takardar. Ta kalli wannan kafar sau nawa, a wurinta daidai take da ƙa'ida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nan take ta rufe wurin a kwamfuta, ta mayar da kafar bayan gida, ta sa mata ƙyaure da kwaɗo. Ba don Sallau ba, da an kewaye ko'ina an bar wurin nan ɗaya da ake bukata.

Na uku Hashimu, autansu, mai walda a Funtua. Magina suka ce a huda bakin kankaren a ɗaure ƙafafun shingen da noti, aikin yini ɗaya. Ya ɗauki guduma ya bi bakin yana ƙwanƙwasawa, ya ji wani wuri yana amo kamar tulun da ba ruwa. Ya ce simintin bakin nan bai kama ba, noti zai fita da shi. Ya sa kurfi ya sassaƙe har ya kai ga rodin cikin kankare, ya haɗa kowace ƙafa da rodi, ya sake zuba siminti. Kwana huɗu yana cikin rana, tartsatsi ya ƙona masa damtse. Tarewa ta ja baya, uwarsa ta aika masa da faɗa har sau biyu, bai ko ɗaga kai ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a ranar ji na yi kamar Rabe nake gani tsugune a wurin. Da siminti ya bushe ya ɗaura igiya, shi da magina uku suka ja da ƙarfinsu, shinge bai motsa ba.

Kwana uku da tarewa, da hantsi, ina tsakar gida ina shan koko. An yi yayyafi da asuba. Tasalla ba ta jira kowa ba, ta ɗora faifan kuɓewa a ka ta hau. Ta juya dama yadda ta saba. Jiƙaƙƙen siminti ba daɓen ƙasa ba ne, santsi ya kwashe ta, ta tafi da nauyinta gaba ɗaya ta bugi shingen, daidai inda Sallau ya ɗora yatsa. Faifai ya tsallake ya faɗo, kuɓewa ta zubo mini har cikin koko. Na miƙe ina salati. Na ɗaga kai, ga ta rungume da ƙarfe, lafiyarta ƙalau.

Ta ce, "Yaya, tsince mini kuɓewata kafin kaji su riga ka."

Sai da ta sauko ta zauna sannan kuka ya zo mata. Da ta natsu ta shiga ɗaki ta fito da cokalin ginin Rabe, wanda ƙotarsa ta lotsa daidai yatsunsa. Wasiyya ya bari cewa a ba wanda ya riƙe gidan a cikin 'ya'yansa. Ta ce lokaci ya yi, a ba wanda ya tsare ranta.

Barira ta ce zane bai taɓa tare mai faɗuwa ba, a ba ƙannenta. Sallau ya ce shi yatsa kawai ya ɗora. Hashimu ya ce da ba a nuna masa wurin ba, da ƙarfensa na can tsaye inda ba wanda ya faɗi. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, ban kuma taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba, don uwarsu ta danƙa mini cokalin ta ce kawunsu ya yanke.

Ga shi nan a aljihuna, ku gani. Kada wani ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani. Cokali ɗaya ne, ba ya rabuwa uku, kuma Tasalla ta ce kada in dawo mata da shi.

To, tsakanin wadda ta fito da shingen daga inda aka ɓoye shi, da wanda ya san inda ƙafar uwarsa za ta nufa, da wanda ya kafa ƙarfen da ya riƙe ta, hannun wa zan sa wa cokalin Rabe?