Kallabi Biyu Daga Zane Ɗaya

A unguwar Zariya cikin Maraɗi akwai wani attajiri mai fataucin atamfa, sunansa Alhaji Alkasim. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, mai ciyar da iyalinsa, amma Allah ya jarrabe shi da zargi. In aka sauke masa dila daga Kwatano sai ya warware kowane turmi ya auna da kamun hannunsa, ko da a gabansa aka ɗaure ta. In ka gaishe shi da fara'a ya ce akwai abin da kake nema. In ka gaishe shi a daƙile ya ce akwai abin da ka ɓoye. Direbobinsa kan ce har inuwarsa ba ta cika samun izinin bin sa ba.

Yana da ɗiya guda mai shekara goma sha biyu, Munira, wadda yake so kamar ransa. Yarinyar tana da i'ina mai tsanani. Kalma kan maƙale mata a baki har idonta ya kawo ruwa, 'yan lakwal, wato makarantar boko, kuma suna kwaikwayonta, don haka ta daina magana sai dai ta kaɗa kai, ba ta da ƙawa ko ɗaya. A gida ma ba ta tsira ba. Da ta fara "Ba-ba..." sai uban ya ƙarasa mata abin da yake zaton za ta faɗa, ya wuce. A ganinsa sauƙaƙa mata yake yi.

Da bakansi ta zo, wato dogon hutun makaranta, malamar ajinsu, Malama Ramatu, ta yi sallama a gidan. Ta ce ita da wasu malamai sun shirya sansanin hutu na mako uku a wata lakwal da ke gefen garakan Jiratawa. Yara daga Maraɗi da Tibiri da Jiratawa za su zauna tare, su dasa itace, su yi noman lambu, su ci a faranti ɗaya. Tana so a ba ta Munira.

Alhaji ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ya aiko ki? Mi za ku samu cikin wannan wahala?"

"Ba wanda ya aiko ni, Alhaji. Ɗiyarka ta shekara a ajina ban ji muryarta sau goma ba. Wannan ne ya kawo ni."

Ya yi kwana uku yana bincike. Ya tambayi asalin malamar, ya tambayi wanda zai dafa abinci da inda ake ɗebo ruwa. Da ya rasa abin kamawa, kuma matarsa Hajiya Zalihatu ta tsaya masa a wuya, sai ya yarda ba da son ransa ba. Hajiya ta haɗa wa yarinyar kaya, ta sa mata wani zane na lulluɓa saboda sanyin damina. Zanen kore ne mai zanen tsuntsaye, daga wani turmi da Alhaji ya zo da shi don gidansa kawai, bai saka irinsa a kanti ba.

Bayan mako guda, Malama Ramatu ta kira shi ta miƙa wa Munira waya. Ya ji murya ta ce, a hankali amma ba tsayawa, "Baba, ina wuni. Na dasa zogale." Wani uban da ya yi hamdala. Shi kuwa Alhaji sai ya ajiye waya ya ce wa matarsa, "Akwai mai faɗa mata tana maimaitawa. Ina jin numfashin mutum kusa da ita."

Washegari da hantsi ya bar kanti ya nufi Jiratawa ba tare da ya sanar da kowa ba. Ya ajiye mota nesa, ya laɓe a bayan gero, babban mutum da babbar riga, ƙaiƙayi na cin wuyansa. Ya hango yara zaune da'ira a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, wani tsohon ludayin duma yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Wanda ya karɓa shi ke magana, sauran su yi tsit. Ludayin ya iso hannun Munira. Ta daɗe tana kokawa da kalma ɗaya, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya taya ta. Wata siririyar yarinya da ke gefenta tana ɗan buga mata cinya da yatsa, kamar mai kiɗa, har maganar ta fito. Alhaji bai kula da fitar maganar ba. Yatsan nan ya gani, da yadda 'yar ƙauyen ta manne wa ɗiyarsa, ya koma Maraɗi yana cewa a ransa, wannan ta san ɗiyar wa ta kama.

Ranar rufe sansani aka gayyaci iyaye. Malama Ramatu ta aiko masa da albishir cewa yaran da kansu sun zaɓi Munira ta yi jawabin godiya a madadinsu, kuma ta yi kwanaki tana shiri. Hajiya Zalihatu ta kasa cin abinci don murna. Alhaji ya ce a dai je a gani.

An kafa rumfa a filin lakwal. Manoman Jiratawa sun zo da rigunan Juma'arsu, mutanen Tibiri sun cika mota guda, 'yan kabu-kabu suna ta sauke mata. Alhaji bai gama zama ba sai ga wata yarinya ta durƙusa gabansa da kwanon ruwa. Siririyar nan ce. A kanta akwai kallabi kore mai zanen tsuntsaye.

Mai sayar da atamfa ba ya manta zane, kamar yadda makiyayi ba ya manta saniyarsa. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Ke! Mi sunanki?"

"Tsahara, Baba."

"Ina kika samu wanga kallabi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya. Shi kuwa a wurinsa kunya da rashin gaskiya fuskarsu ɗaya.

"Duk Maraɗi ba mai wanga zane sai gidana. Kin buɗe jakar ɗiyata ko? Tun ran da na gan ki kina liƙe mata na san za a yi haka. Ɓarauniya!"

Munira ta taho da gudu daga cikin yara, ludayin nan a hannunta, don ita ce za ta fara magana. A kanta akwai kallabi iri ɗaya sak. Hajiya Zalihatu tana ganin haka ta gane, ta kama bakin rigar mijinta. Duk macen da ta yi ƙuruciya a ƙasar nan ta san in 'yan mata biyu suka ƙulla ƙawance, sukan raba abu ɗaya su yi shiga iri ɗaya don kowa ya shaida. Amma Alhaji ya fizge rigarsa. Abin da ya gani shi ne zane mai tsada an sa masa almakashi.

Munira ta ɗaga ludayin sama da hannu biyu. Yaran sansani duka suka yi tsit, don sun san doka. Ta ce, "Ba-ba, n-n-ni..."

"Na sani, ke ba ki da laihi," in ji Alhaji. "Ta yi miki wayo ta yanke miki zane. Yi shiru, ni zan yi miki magana."

"N-n-ni na..."

"Na ce ki bari! Ke kuma, Tsahara, cire shi. Cire shi yanzu."

Tsahara ta dubi Munira. Sannan ta sa hannu ta kwance kallabin a gaban maza da mata, ta ninke shi huɗu, ta ajiye kusa da kwanon ruwan. Ta tsaya kai a buɗe, kitsonta a waje, hawaye na sauka ba ta share ba. Malama Ramatu ta cire mayafinta ta rufa mata. Wani dattijo mai kaushin hannu ya taso daga cikin manoma, mahaifin Tsahara ne, Malam Jibo, ya kama hannun ɗiyarsa suka fice.

Malama Ramatu ta juyo. "Alhaji, almakashina ne. Munira ce ta zo ta roƙe ni, da bakinta, jimla guda cikakka, ta ce tana so ta raba zanenta da ƙawarta. Tsahara kuma ta ba ta dashen zogalen da ta raina da hannunta. Mako uku yarinyar nan tana buga mata kiɗa a cinya har ta koyi sakin magana. Mako uku yara sittin suna jiran ɗiyarka ta gama zancenta. Kai ka kasa jiran kalma uku."

Aka kira Munira ta yi jawabi. Ta tsaya gaban jama'a, ta dubi gurbin da Tsahara ta saba zama, bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta ajiye ludayin a ƙasa ta tafi ta shiga mota. Suka kama hanyar Maraɗi, dashen zogalen yana kan cinyarta cikin gwangwani.

Sai da aka kwana biyu kunya ta gama kama Alhaji. Ya ɗauki turmi sukutum na irin zanen ya koma Jiratawa, ya sami Malam Jibo yana ban ruwa a garka. Ya ba da haƙuri, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Malam Jibo ya jingina da bakin rijiya. "Na yahe maka, Alhaji, Allah ya yahe muna baki ɗaya. Amma koma da kayanka. In ta ɗaura shi, mutanen garin ga za su ce kuɗin ɓarauniya ne aka biya. Ta tahi wajen gwaggonta a Tibiri, ta ce ba ta iya bin hanyar lakwal ɗin nan yanzu."

"Ko za ta zo Maraɗi ta ga Munira? Ni zan aiko mota."

"Ɗiyata ba ta shiga gidan da za a ƙirga cokula bayan ta hita."

Alhaji ya koma da turminsa. Munira ba ta yi masa rashin kunya ba, ba ta yi fushi a fili ba. Tana durƙusawa ta gaishe shi da kai, in ya tambaye ta abu ta gyaɗa ko ta girgiza. Ya saya mata waya, ta ajiye. Ya ce, "Yi magana, ɗiyata, wallahi zan jira," ya zauna ya jira, amma ba abin da ya zo.

Wata rana da la'asar ya dawo daga kasuwa da wuri. Yana cikin zaure sai ya ji murya a tsakar gida, siririya, tana tafiya a hankali ba tuntuɓe. Ya leƙa. Munira ce tsugune gaban zogalen da ta dasa, kallabin kore a kanta, tana zuba ruwa, tana buga cinyarta da yatsa, tana ba itacen labarin abin da aka yi a aji. Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Zuciyarsa ta karye, ya matsa taku ɗaya don ya ji da kyau. Takalminsa ya taɓa bokiti. Ta waiwayo ta gan shi, ta rufe bakinta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yawan zargi ba tsaro ba ne, ɓarna ce da mai yin ta yake ɗauka hikima. Yaro yana buƙatar ya fita cikin 'yan'uwansa, ya yi aiki da su, ya sami wanda zai kira nasa, domin akwai abin da tsara ke koya wa tsara wanda dukiyar uba ba ta sayensa. Iyaye su bincika inda za su tura 'ya'yansu, wannan haƙƙi ne. Amma in sun bincika ba su ga aibu ba, su kyautata zato, kada su ɗora wa ɗan talaka laifi don kawai ya matso kusa da nasu. Kuma in yaro ya buɗe baki, a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin a yanke hukunci. Alhaji Alkasim ya tsare ɗiyarsa daga ɓarayin da babu su, shi kuma da bakinsa ya raba ta da ƙawa ɗaya tilo da ta taɓa yi.