Ƙwallon Kanyar da Zabuwa Ta Ɓoye

An yi wata Zabuwa a fadamar Tsamiya Biyu, mai yawan tuna baya. Ba a ga laifinta ba, don bayan ya fi daɗi.

A da, duk ruwan farko dabbobin fadamar kan taru a gindin suri, kowa da ƙwallon kanya guda. Sai ka ajiye naka a gaban wanda kake so ya hau surin ya yi gadi. Aikinsa ya kalli sama, in ya hango shirwa ya yi kururuwa. In ya yi sakaci, baɗi a sauke shi.

Wata shekara Burtu, mai ji da muryarsa, wanda shi ne a kan surin a lokacin, ya ce, "Wannan taron ɓata lokaci ne. Ku bar ni a kai kawai, ku huta."

Kurege, sarkin son jiki, ya ce, "Gaskiyarsa. Ni ƙwallon ma nauyi yake mini."

Kowa ya ce to, har da Zabuwa. Aka watsar da ƙwallaye, ita dai ta binne nata a gindin sabara.

Burtu yana hawa ya daina kallon sama. Ya koma kallon ƙasa, don ya ga wa ya wuce bai gaishe shi ba. Ya kuma kafa doka, ba mai kururuwa sai shi.

'Yan tsakin Zabuwa tara ne. Shirwa ta yi ta ɗauka har saura ɗaya. Kullum sai Zabuwa ta tono ƙwallonta ta zuba masa ido, tana kewar lokacin da take kiwo kai a sunkuye, 'ya'ya na bin ta ba fargaba.

Ta je wurin Burtu ta ce, "Ranka ya daɗe, saura ɗaya fa."

"Ke ba kya gajiya da ƙorafi? Wa ya ɗora ni nan?"

"Mu ne."

"To, ku sauke ni mana, in kuna da abin saukewa."

Ran nan da hantsi Zabuwa ta hango maharbi yana rarrafowa ta bayan suri. Ta manta da doka, ta ƙwala ihu, "Burtu, bayanka!"

Burtu bai waiwaya ba. Ya miƙo wuya wajenta ya ce, "Wa ya ba ki izinin kururuwa?"

Bai rufe baki ba kibiya ta same shi.

Da ruwan farko ya sauka, aka sake taruwa a gindin suri. Kurege ne ya riga kowa zuwa, da ƙwallonsa a baki. Zabuwa ta ajiye nata, sannan ta waiwaya don ta kira 'ya'yanta yadda ta saba. Ɗaya ne ya amsa.

Darasin wannan labari shi ne, ana ɗora shugaba a sama don ya tsare na ƙasa, ba don a gaishe shi ba. Jama'ar da ta gaji da zaɓe ta yar da ikonta na sauke shi, ko ta dawo da ikon daga baya, abin da ta rasa ba ya dawowa.