Ramin da Aka Hana Kafa wa Sanda

Wani a cikinku ya bar mugun abu a hanyar mutane, yana ta sharar barcinsa don ya san ba 'ya'yansa ke bin wurin ba. Ya san kansa. Da shi nake.

Akwai wani mai tifofin yashi, Alhaji Garzali. A Kano yake zaune, ma'aikatansa kuma a kogin Wudil suke haƙa. Masu yashin wurin sun saba, duk inda suka bar rami a ƙarƙashin ruwa sai su kafa doguwar sanda da tsumma a kanta, mai wanka ya gani ya kauce. Garzali ya hana nasa mutanen. Wai sanda tana nuna wa 'yan gasa inda yashi mai kyau yake.

Da Jibril, ɗan wani masunci mai suna Ya'u, ya nutse, uban ya tare motar Garzali a bakin titi.

"Alhaji, nawa ya riga ya tafi. Don Allah a kafa sandar nan saboda na wasu."

Ko gilashi bai gama saukewa ba ya ce, "Ni na tura shi ruwa? Kowa ya kula da ɗansa."

Wata Juma'a matarsa Khaulat ta ce, "Abban Yusra, yaran nan fa ba su taɓa ganin garin da kake nema ba." Ya kwashe su sai Wudil.

Suka shiga kara, kasuwar shanu. Ƙaramin, Muhyiddeen, ya ga ƙahon bijimi ya shige bayan zanin uwarsa. Suka ci soyayyen kifi, suka tsaya kan gada suna kallon kwale-kwale. Yusra ta ja rigar ubanta.

"Abba, mu je mu taɓa ruwan!"

Suka gangara can ƙasa, inda yashi yake fari, ruwa iya ƙauri. Garzali bai san wurin ba, shi da ma ta waya yake ba da umarni.

Khaulat ta ce, "Anya babu zurfi?"

Ya duba dama da hagu, ya yi dariya. "Kin ga sanda? Ai inda rami yake ana kafa sanda."

Bai rufe baki ba ruwa ya haɗiye Yusra. Takalminta kaɗai ya taso.

Garzali bai iya iyo ba. Yana tsaye cikin babbar riga yana ihu, sai wani mutum ya diro daga kwale-kwale. Ya nutsa ya fito hannu wofi, ya koma. Da ƙyar ya ciro ta, ya kwantar a yashi yana danna mata ƙirji har ta amayo ruwa.

Garzali ya ɗago zai yi godiya. Ya'u ne.

Garzali ya ce, "Wane marar imani ne ya bar wannan ramin haka?"

Ya'u ya nuna masa tifar da ke lodi a gefe, sunan Garzali ɓaro-ɓaro a goshinta.

"Naka ne, Alhaji. A nan na ciro Jibril. Shi bai yi amai ba."

Yusra ta rayu, amma likita ya ce ta daɗe ba numfashi. Har yau ba ta sake cewa Abba ba. Kallonsa kawai take yi. Yanzu kowane raminsa da sanda, da hannunsa ya kafa su.

Darasi: Cutar da ka bari don 'ya'yan wasu ba ta tambayar sunan uba kafin ta kama yaro. Ku tura wa masu barin rijiya a buɗe da wayar wuta a ƙasa. Kai kuma da ka karanta, in ba ka da ramin da ka ƙi kafa wa sanda, fito ka musa.