Yashin da Ke Gindin Bokiti

An yi wata mata da mutanen layinsu suka laƙaba wa suna Ba-Ragi. Aibinta da kowa ya sani shi ne taurin kai. Idan ta ce a'a, ko ka wuni kana lallashi, a'ar nan za ka koma gida da ita. 'Yan kasuwa kan ce gara su yi ciniki da mutum goma da su yi da ita. Ita kuwa ko a jikinta. Cewa take ba a yi wa mutum baki don ya riƙa cewa to kawai ba.

Mijinta mai wankin mota ne. Wurin aikinsa yana wata kusurwa ta filin wani mai sayar da motoci: dakalin siminti, famfo ɗaya mai kwaɗo, sai wata bishiya da inuwarta ba ta kaiwa dakalin sai rana ta karkata. Shekara goma sha tara Ba-Ragi tana wanke masa tsummokaransa. Kashi uku yake kawo su gida, na jikin mota daban, na gilashi daban, na taya daban. Sau ɗaya ta taɓa haɗa su a baho guda, ran nan ne kaɗai a zamansu ya ƙi cin abincinta. Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ita ta riƙa binsa wurin aiki, yana zaune yana nuni, tana yi, har hannunta ya faɗa.

Da Allah ya karɓi abinsa, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, kuma ba su da abin dogaro sai wannan dakali. Kafin ta ware daga zaman makoki ta fito, ƙanin marigayin ya riga ya baje a wurin. Sha-Yanzu ake ce masa, don ko gaisuwa yana tafiya yake ƙarasa ta. Ba malalaci ba ne, a ba shi haƙƙinsa. Amma shi aiki a wajensa tsere ne, kuma ba ya jin bari.

Ranar da ta koma, ta tarar da shi da bokiti ɗaya da tsumma ɗaya. Da tsumman zai dirji taya, ya tsoma a ruwa, ya hau rufin mota da shi yana murzawa zagaye-zagaye. Tana tsaye tsumman ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya kaɗe a gwiwarsa ya ci gaba. Ta tambaye shi ina ɗaya bokitin na yayansa. Ya ce ya ba mai facin taya aro, bokiti biyu ai ɓata ruwa ne.

"Matar Yaya, ki koma gida ki huta," in ji shi. "Wankin mota ba wankin tukunya ba ne."

"Ko tukunyata ka yi wa wannan dirzar da na ƙwace abata," ta ce. "Je ka karɓo mini bokitina."

Direbobin da ke zaune a kan benci suka kwashe da dariya. Bai je ba, ita ta je da ƙafarta ta karɓo.

Tun daga ranar suka raba dakalin, shi gabas ita yamma. Kafin ta gama mota ɗaya ya sallami huɗu. Ita sai ta fara watsa ruwa da tiyo har ƙura da yashi su sauka da kansu, hannu bai taɓa fenti ba. Bokiti ɗaya na kumfa ne, ɗaya na ɗauraye soso, kuma soso ba ya komawa kumfa sai ya bi ta ɗauraya. Daga sama take farawa, ta ja hannu a miƙe kamar mai shimfiɗa tabarma, ta bar ƙasan ƙofofi da tayoyi zuwa ƙarshe, su da nasu tsumman. Wajen tsanewa kuma ba ta goga. Tawul mai laushi take shimfiɗawa ya sha ruwan, ta ɗaga, ta matse, ta ƙara gaba. Sha-Yanzu yakan ce wa direbobi matar yayansa jego take yi wa mota.

Mai filin mutum ne mai son a yi a gama. Ya gaji da ganin kawuna biyu a famfo ɗaya, sai ya kira su ya ce shi ba zai shiga rigimar dangi ba, amma ƙarshen mako mutum ɗaya zai miƙa wa makullin famfo, ɗayan ya nemi wani wuri. Yana maganar ne yana duban Sha-Yanzu, kuma Ba-Ragi ta lura da haka.

Ana gobe ƙarshen makon, rana tsaka, aka turo wata baƙar mota dakalin, ta yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya. Wata likita ce ta gan ta a hoto ta ce a ajiye mata, za ta zo da la'asar ta ɗauka. Mai filin ya ce wa Ba-Ragi tunda ana ta yabon hannun mijinta, ga dama ta samu, ta wanke ta yanzu-yanzu.

Ta ɗora bayan hannunta a kan bonet, ta janye da sauri. Ƙarfen ya yi zafin da zai gasa ƙwai. Ta ce ba za ta taɓa ta ba sai inuwa ta iso dakali jikin ya huce, don kumfa zai bushe a kai ya bar tabo, kuma baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Ya ce ba shi da wannan lokacin. Ta ce to a kira likitar a ce ta ƙara awa ɗaya. Ya ce shi ba a ba shi umarni a filinsa.

"Ranka ya daɗe, fili naka ne, mota taka ce," ta ce. "Hannun nan dai nawa ne, kuma ba zai yi aikin da zai ji kunyarsa ba."

"To ki tattara bokitanki," ya ce. "Ba sai gobe ba."

Ba-Ragi ta tuna 'ya'yanta, ta tuna babu wani dakalin da ke jiranta. Kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wurin, kuma kalmar tana bakinta. Ta haɗiye ta. Ta kife bokiti a gindin bishiya ta zauna a kai, ta ce za ta tafi, amma ba da wannan ranar ba.

Sha-Yanzu abin nema ya samu. Bai tsaya watsa ruwa ba, ya tsoma tsumma ya hau ƙurar da murza. Kumfa na bushewa yana ƙara ƙarfi, yana waƙa. Da ya zo tsanewa ya ciro wata tsohuwar riga ya bi jikin da ita zagaye-zagaye har gumi ya jiƙa masa wuya. Cikin minti ashirin ya gama. Aka mayar da motar ƙarƙashin rumfar da ake jera na sayarwa, tana ƙyalli kamar idon mage. Mai filin ya dafa kafaɗarsa. Ba wanda ya waiwayi gindin bishiya.

Da la'asar likitar ta iso. Ta zagaya motar a rumfa, ta gyaɗa kai, ta ce a fito da ita fili za ta ɗan zaga ta ji injin. Ana fito da ita, rana ta sauka a kan bonet, sai ga jikin gaba ɗaya ya cika da siraran zane, zagaye cikin zagaye, kamar saƙar gizo-gizo, daga rufi har ƙofofi. Duk inda ta matsa, zanen sai ya bi idonta. Ta shafa da yatsa bai goge ba. Ta ce ita ba wannan ta gani a hoto ba, wanda ya ɓoye mata wannan a inuwa ba ta san me kuma ya ɓoye ba. Mai filin ya bi ta yana rantse-rantse har bakin ƙofa, ba ta ko juyo ba.

Ya dawo idonsa ja wur. Sha-Yanzu ya tare shi da cewa wallahi haka motar ta zo, ƙura ce ta rufe zanen. Sai a lokacin Ba-Ragi ta tashi. Ta ɗauki bokitinsa da bai zubar ba, ta karkata shi a hankali ruwan ya tsiyaye, ta ajiye a gaban mai filin. A gindin akwai yashi kwance, ya kai cikin tafin hannu. Ta miƙa masa tsumman ta ce ya murza tsakanin yatsunsa. Ya murza, kowa ya ji ƙaras-ƙaras. Ta ce wannan shi aka yi ta zagayawa da shi a kan fenti, ba aljani ba ne ya zana.

Mai fentin da aka kira ya duba ya ce sai an bi ta da inji an ci fatar sama, kwana uku, kuma ko an yi ba za ta koma yadda ta fito ba.

Daga nan mai filin ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin famfo ya miƙa mata. Ba-Ragi ta dubi makullin, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Ta ce ɗazu a gaban mutane aka kore ta, don haka sai an ji nata sharuɗɗan a gaban mutanen. A yi wa dakali rumfa. Ba ta wanke mota mai zafi ko ta wace ce. Kuma ba mai tsaya mata a ka da agogo. Ya ce rumfa sai wata mai zuwa. Ta ce makullin ma ya jira wata mai zuwa. Direbobi suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ya ce an ji, jibi kafinta zai zo.

"Shi kuma wannan fa?" ya nuna Sha-Yanzu. "Ni ba na son ganinsa."

"Kawun 'ya'yana ne, ba zan kore shi ba," ta ce. "Daga taya zuwa ƙasa nasa ne. Ranar da na ga ya iya, ya hau ƙofa."

Sha-Yanzu ya ce shi ba a haife shi ya yi wa mace wankin taya ba. Ya saɓa rigarsa ya fice. Daga baya an ce ya zaga wuraren wanki uku, ko'ina labarin baƙar motar ya riga shi isa.

Sai da ya fice ta karɓi makullin, ta ɗaure shi a bakin zaninta. Inuwa ta riga ta rufe dakali, aka turo mata wata motar. Mai filin ya buɗe baki zai tambayi yaushe za ta gama, ta ɗago ta dube shi. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya koma ofis.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sauri kan haifi nawa, kuma aikin da aka yi don ya yi kyau a inuwa, wata rana sai an fito da shi fili. Wanda ya san daidai a sana'arsa kada ya sayar da saninsa don tsoron tsawa ko tsoron kora, ko da shi kaɗai ya rage a kan bakansa. Za a kira shi mai taurin kai, a yi masa dariya, ya daure. Mai iya aiki ba ya roƙon wuri, wuri ne ke dawowa ya roƙe shi.