Tsagar da Ke Cikin Ƙotar Bindiga

Akwai wani masassaƙi a wani ƙauye, yana da ƙane maharbi. Wata shekara aladun daji suka addabi gonakin gari, sai ƙanen ya karɓo bututun bindiga a wurin maƙeri, ya kawo wa wansa domin ya yi masa ƙota.

Masassaƙin ya ɗauko guntun itacen ƙirya da ya daɗe yana bushewa, ya fafe shi da gizago, ya ƙwaƙule gurbin da bututun zai kwanta. Aiki ya kusa ƙarewa, sai ya ga wata siririyar tsaga a wuyan ƙotar. Ya san ya kamata ya jefar da itacen ya sake wani, amma ya tuna wahalar da ya sha, ga mutane suna ta yabon aikin. Sai ya cika tsagar da kakin zuma, ya goge, ya shafa man kaɗanya har ƙotar tana ƙyalli.

Da ƙanen ya zo karɓa, ya tambaya, "Yaya, itacen lafiya yake?"

Ya ce, "Lafiya lau."

A harbi na farko ƙotar ta dare, bututun ya dawo baya ya bugi ƙanen a fuska. Ya rayu, amma idonsa na dama ya tafi. Bai zargi kowa ba, ya ce shi ne ya ɗura albarushi fiye da kima.

Masassaƙin ya kasa cin abinci. Ya nemo sabon itace marar aibi, ya sassaƙa ƙotar da bai taɓa yin irinta ba, ya kai masa. Ƙanen ya shafa ta da hannu, ya ce, "Ta yi kyau, Yaya. Amma da wane ido zan auna?"

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Ƙotar ita ce rayuwarmu, tsagar kuwa zunubin da muka sani muka rufe. Man kaɗanyan shi ne kyakkyawar sutura da daɗin bakinmu a majami'a. Ubangiji yana ganin cikin itace. Sau da yawa kuma, ranar da abin ya fashe, ba mu yake raunatawa ba, sai wanda ya amince da mu. Allah yana gafarta wa mai tuba, amma idon da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya san tsagarsa, bari ya faɗe ta yau, tun bindigar tana hannunsa.